Ƙofar Da Ta Riƙe Sunan Auta

Akwai cutar da ta zama ruwan dare a zukatan masu sana'a: mutum ya ce ɓarawo yake tsoro, alhali wanda suke ci a kwano ɗaya yake zargi. Irin wannan idan ya tashi sauya makulli, ba don na waje yake yi ba. Shi kuwa zargi shaida kawai yake nema, kuma idan ya same ta ba ya tsayawa ya tambaye ta ma'anarta.

Wani kafinta ya shekara talatin da huɗu yana yin tebura da kujeru a wata doguwar rumfa mai ƙofar ƙarfe, shi da ƙanensa, wanda har furfura ta fito masa Auta ake ce masa. Yayan ke awo da yanka, Auta ke haɗawa da fenti. Kwaɗo ɗaya ne a ƙofar, makulli biyu, kowa da nasa.

Ana nan sai kafintan ya lura katako yana raguwa fiye da aikin da ake fitarwa. Da yamma a share rumfa tas, da safe ya tarar da sabon garin katako a gindin zarto. Bai tambayi kowa ba. Ya tafi wurin mai sayar da na'urorin ƙofa, irin waɗanda ba sa buƙatar makulli.

Mai na'ura ya jera masa iri uku: ta danna lamba, ta kati, da ta yatsa. Kafintan ya auna su kamar yadda yake auna katako. Ya ce, “Lamba ana raɗa wa aboki, kati ana bayar da aronsa, yatsa kuwa ba ya aruwa. Wannan tana rubuta wanda ya shiga?”

“Har da minti, Baba.”

“To, ita nake so.”

Ranar da aka kafa ta, ya ɗora babban yatsansa sau bakwai, jar fitila tana kamawa. Gugar katako ta cinye zanen yatsunsa duka. Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Yaya, ƙofarka ta ce ba ta san ka ba. Ko za ka je ka zo da shaidu?” Dole aka ba shi katin da ya raina, aka rubuta shi lamba ta ɗaya. Auta ya ɗora nasa sau ɗaya, na'ura ta yi ɗan ƙara, ƙofa ta buɗe. Shi ne lamba ta biyu.

Bayan wata guda mai na'ura ya bugo masa takarda. Kullum lamba ta biyu tana shiga ƙarfe shida saura kwata, alhali takwas suke buɗewa. Kafintan ya shimfiɗa takardar a kan tebur, a gaban maƙwabcinsu mai walda.

“Auta, me kake yi a rumfata awa biyu kafin in zo?”

“Rumfarka, Yaya?”

“Takarda ba ta ƙarya.”

Auta ya daɗe yana kallon fuskar yayansa, sannan ya ce, “Ba ta ƙarya. Sai dai ba ta gama magana ba.” Ya juya ya koma bencinsa.

Kafintan ya sa aka saita na'urar kada ta buɗe wa lamba ta biyu sai takwas ta buga. Tun daga makon nan tebura suka fara dawowa, wannan yana rawa, wancan ƙafa ɗaya ta gaza. Ya ce Auta ne ke huce haushi a kan aiki. Gaisuwa kaɗai ta rage tsakaninsu, har damina ta faɗi, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Auta.

Bayan an share makoki, ya shiga kwashe kayan mamacin. A ƙarƙashin bencinsa, bayan gwangwanayen fenti, ya ci karo da damman ƙafafun tebur a ɗaure da igiya. Kowace tana ɗauke da zanen fensirin shi kafintan, kowace kuma ko ta gaza da faɗin yatsa ko ta karkace. Ya ɗora ma'auni, ya ga lambobin suna narkewa a idonsa. Da ya je asibiti, likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma ta kai shekara uku.

A nan lissafi ya fito, ba ragi. Katakon da ke raguwa, na sake yanka ne. Awa biyun nan, Auta yana gyara kuskuren yayansa ne tun kafin ya iso, don kada dattijo ya san hannunsa ya fara cin amanarsa. Da Auta ya faɗi haka a gaban mai walda, da ya wanke kansa, amma ya gwammace a kira shi ɓarawo da a kira yayansa makaho.

Da mai na'ura ya zo goge lamba ta biyu, kafintan ya riƙe masa hannu.

“Bar ta. Cire masa ƙa'idar ƙarfe takwas ɗin nan kawai.”

“Baba, ai mai yatsan ya rasu.”

“Na sani. Buɗe masa.”

An yi masa aikin ido, ya warke, amma bai sake riƙe zarto ba. Kullum shida saura kwata yakan shiga da katinsa, ya mayar da ƙofa, ya zauna a bencin Auta yana fuskantarta. Ya sha gaya wa mai walda cewa yakan ji ɗan ƙaran nan na buɗewa, ya miƙe, ya tarar da ƙofa a rufe. Duk ƙarshen wata yakan sa a bugo masa takarda, ya bi ta layi-layi da yatsan da na'ura ta ƙi sani. Lamba ta ɗaya ce tun daga sama har ƙasa.

Shekara shida yana haka. A kan bencin nan mai walda ya same shi wata safiya, ya jingina da bango, fuskarsa tana duban ƙofa, rai ya yi halinsa.