Kwalayen da Yaya Bunu Ya Zana

Tsoro ya kama ni lokacin da wani ya kwarma ihu a kasuwar Roni: "Ga mai zana wa ɓarayi shaguna!"

Yayana Bunu yake nufi, ɗan acaɓa da ya fara koyon zane da girmansa. Kullum akwatuna yake zanawa, don hannunsa ya saba da jan layi, idonsa ya gane kusa da nesa. Ran nan kwalayen da ke ƙofar wani shago da aka taɓa fasawa yake kwaikwaya a takarda.

Suka rufe shi da gora da duwatsu. Ina ta roƙo, "Wallahi kwali ne kawai!" Ba wanda ya saurare ni.

Yana asibiti a Kazaure. Har yanzu likita bai faɗa mana ko hannunsa zai sake riƙe fensir ba.