Nicholas da Kaset ɗin Mai Shebur

Nicholas mutumin Kagoro ne. Ya shekara ashirin da biyu yana gyaran talabijin a wani ɗan shago a Dutse Alhaji, gefen titin Bwari. A cikin wani buhun kayan gwanjo da ya saya don ciro kayan gyara ya tsinci tsohuwar na'urar gem, da kaset ɗaya maƙale a cikinta. Takardar jikin kaset ɗin ta ɓare, ɗan rubutun da ya saura kuma na Japanawa ne.

Da ya jona, sai ga wani mai haƙa kabari riƙe da shebur, yana tsallake ramuka a maƙabarta, kwarangwal na ɓullowa daga ƙasa, jemagu na kawo masa sura. Rai uku gare shi, in sun ƙare a koma farko. Nicholas ya raɗa masa suna Mai Shebur.

Ba wanda ya kula gem ɗin. Samarin layin sukan leƙo, su ga hoton dishi-dishi, su wuce gidan gem ɗin ƙwallo. Matarsa Prudence ta ce abin aljanu ne, kada ya kuskura ya kai mata gida. Salisu kaɗai, mai sayar da katifa a shagon kusa, yakan jawo benci ya zauna kallo idan kasuwa ta yi sanyi.

Aiki sai raguwa yake yi, don talabijin na yanzu in ya lalace yarwa ake yi. Cikin shekara huɗu na zaman jiran kwastoma, Nicholas ya kai mataki na bakwai, wata hasumiya da ruwa ke cikawa daga ƙasa. 'Yarsa Sandra ta bincika masa a waya. Bidiyo ɗaya tak ta samu, na minti biyu, wanda mutum tamanin suka kalla cikin shekara goma sha ɗaya. Ba a nuna ƙarshen gem ɗin ba.

"To ni zan gani da idona," in ji Nicholas.

Wata Talata da hantsi hawan jini ya kayar da shi a bakin shago. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan wata uku ya dawo yana dogara sanda, ya miƙa wa Salisu abin dannawar gem ɗin.

"Karɓi. Ni zan riƙa faɗa maka."

"Oga Niko, ni fa ko matakin farko ban taɓa wucewa ba."

"Na haddace hanyar. Ka dai yi tsalle in na ce."

Sai dai harshensa ya yi nauyi. Kafin kalmar "tsalle" ta gama fita, Mai Shebur ya riga ya faɗa rami. Mako biyu suna haka, ba su wuce mataki na uku ba. Ranar ƙarshe Nicholas ya juya fuskarsa bango, ya ce, "Kashe shi, Salisu."

Da damina ta faɗi 'yan uwansa suka zo da mota suka mayar da shi Kagoro. Wani mai sayar da katin waya ya kama shagon. Salisu ya kira ranar Kirsimeti don ya gaishe da Nicholas, Prudence ce ta ɗauka. Ta ce da sauƙi, yana cin abinci, amma magana ta ragu sosai. Yini yake yi a ƙofar gida yana kallon dutsen Kagoro.