Ordinatar da Na Ce ta Gida Ce

Shekarar da matata ta rasu, gidan ya koma mu biyu, ni da ƴata ta fari. Ƙannenta maza biyu kakarsu ta kwashe su zuwa Tanda, ta ce namiji bai iya rainon yaro ba, ban kuwa yi mata musu ba. Babbar ce ta tsaya, tana ajin ƙarshe na kolej, in ta dawo daga lekwal ta ɗora mana tukunya.

Mu an tashe mu da kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka yanka mata rago ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko in yi gyaran murya ta fito. Da ƙannenta suna nan ba a ga aibin haka ba, don su ne ƴan aike tsakaninmu. Da suka tafi sai gidan ya yi tsit, ina jin ƙarar ludayinta tana jin tarina, iyakar hirarmu ke nan.

Yayata da ke aure a Yamai ta zo ganinmu. Ranar da za ta koma ta ce, "In ta ci jarrabawar brebe ka ba ni ita. Budurwa ba ta zama gidan da babu mace. Can ga lise, babbar sakandare, mai kyau, har ordinata ake koya musu." Ba a hana yaya ɗa. Amma ta bar mini ƙofa, ta ce in yarinyar da bakinta ta ce ba ta so, ba za ta tilasta ta ba.

Ban so ta tafi ba. Tsoron gidan nake yi in babu ita. Maimakon in faɗa mata, sai na kama maganar ordinatar nan, wato kwamfuta, na riƙe, kamar don ita kaɗai ake zuwa Yamai.

Ina aiki a wani ofishi kusa da gada, ina buga takardun kamyo, manyan motoci masu ɗauko kaya daga Kwatano. A lungun ofishin akwai wata tsohuwar ordinata da aka daina kunnawa, dama kwance aka sayo ta, ba sabuwa ba. Maigidana ya ce in ɗauka in rage masa shara. Na rungumo ta a kan kabu-kabu har gida. Yarinyar ta leƙo ta ce, "Baba, ta aikinka ce?" Na ce, "Ta gida ce." Ta koma madafa.

Na kai ta wurin wani mai gyara a bayan kasuwa, mutumin Dandi ne, bakinsa ba ya rufuwa. Da ya buɗe cikinta ya tarar da gidan zanzaro har biyu. Ya ce, "Malam, ai wagga ta girmi ɗiyarka. Gyara kake so ko jana'iza?" Ya lissafa abin da take bukata: fankar da ke sanyaya ta, ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci, sai ƙarin ƙwaƙwalwa don ta daina tafiyar hawainiya. Biyun farko na samo su a tsallake, kasuwar Malanbil. Ƙwaƙwalwar kuwa tsohon yayi ce, sai Kwatano.

A Gaya abin Kwatano direba ake ba sallahu. Na rubuta lambar a takarda na ba wani direban da nake buga wa takardu. Ya dawo bayan mako uku da wadda ba ita ba, yana rantsuwa wai mai shagon ya ce duk ɗaya ne. Na haɗiye fushina na sake ba shi. Wannan karon ya maƙale can yana jiran lodi.

Ni kuma na dawo da ordinatar gida, na ɗora a tebur, na lulluɓe da zanen marigayiya, na ce kada a taɓa sai ta kammala. Na fi son yarinyar ta gan ta tana aiki sumul, ba tana tari ba. Bayan la'asar nakan zauna in cire maɓallan rubutun ɗaya-ɗaya in share ƙarƙashinsu da gashin kaza. Wani lokaci sai in ji ta tsaye a bakin ƙofa. Ban taɓa cewa ta matso ba.

Sakamako ya fito, ta ci. Yaya ta kira ta tuna mini. Na sami yarinyar tana tsince shinkafa, na ce, "Gwaggonki na son ki je wurinta. Mi kika gani?" Ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana juya shinkafar, sannan ta ce, "Yadda ka ce, Baba." Na tsaya ina jira ta ƙara wani abu, ashe ita ma jira take. Na ce, "To, Allah ya sa alheri."

Kwana tara da tafiyarta direban ya kawo ƙwaƙwalwar, wannan karon daidai. Mai gyara ya sa ta, ya zuba sabon tsari, ordinata ta tashi kamar ba ita ba. Sai ya ce, "Sunan wa za a sa, wanda za ta riƙa nunawa in an kunna?" Na ce ya matsa. Ni da nake yini ina buga takardu da yatsu goma, da yatsa ɗaya na buga sunan. Ya karanta shi da ƙarfi, ni kuwa na juya ina kallon masu wucewa.

Haka na shekara. In na taso aiki in akwai kuran, wato wutar lantarki, sai in kunna ta, sunan ya fito, fanka tana ɗan huci. Ba abin da nake yi da ita. Kewa ce kawai, kuma ɗakin ya fi daɗin zama in wani abu yana motsi a ciki.

Da babban hutu yarinyar ta zo, aka kawo ƙannenta daga Tanda. Ta yaye zanen ta kunna, ina tabarma a bakin ƙofa. Sunan ya fito. Can ta ce, "Baba, wa ya sa sunana?" Na ce, "Mai gyara ne." Ta ce, "Ina ya san shi?" Na ɗauki buta na ce lokacin salla ya yi. Hutun nan duka ta yi shi tana koya wa ƙannenta rubutu a kanta, suna faɗan wanda zai fara zama. Wata biyu dai ta zama ta gida da gaske.

Na raka ta tasha ranar komawa. Ta sa ƙafa a matakalar kar, motar Yamai, ba ta dube ni ba, ta ce, "Baba, bara da ka ce in zamna, da na zamna." Na ce ta hau, kada a cinye mata wuri.

Na dawo na tarar kakar ta riga ta aiko an ɗauki yaran. Na kunna ordinatar, sunan ya fito. Na karanta shi a fili, sau ɗaya, ba kowa a gidan.