Maganar da Ta Wuce Shekararta

Kakarmu Inna Ladi ba ta yi mana tatsuniya sai an ci tuwo an wanke hannu. A Kutemeshi muke lokacin. Da an idar da sallar magariba za ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta jefa ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, ni da ƙanena Haruna mu matso muna tari muna gasa masara. Ni ne mai baki, kullum ina katse ta da tambaya. Haruna kuwa ko ka ce masa akuya ta haifi kaza, "to" zai ce. Inna takan ce an raba mana ba daidai ba, ɗaya ya kwashe baki, ɗaya ya kwashe kunne.

"Ga ta nan ta iso ƙofar gida," in ji ta. Mu kuma mu ce ta shigo mu ji ta.

Akwai wadda ba na so, don ba Gizo a cikinta, ba abin dariya. Wai a wani gari aka yi fari, rijiyoyi suka ƙafe, sai sarkinsu ya tara jama'a ya ce wanda ya nisanci rafi ya nisanci rai. Kowa ya tashi daga tudu ya yi gini a bakin rafi, suka tsira. Sarki ya rasu, maganarsa ta zauna. Uba ya faɗa wa ɗa, ɗa ya faɗa wa jika, har ba wanda ya tuna da farin. Ana nan sai wata damina ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata tsohuwa ta ga rafi yana cin gaɓa, ta ce a koma tudu. Dattawa suka ce ita wace ce da za ta ja da abin da sarki ya faɗa? Ta ja akuyarta ta hau tudu ita kaɗai. Da gari ya waye babu gari.

Na tambaye ta ko sarkin maƙaryaci ne. Ta juya masara a wuta, ta ce, "A'a, ɗan nan. Gaskiya ya faɗa, amma a shekarar fari ya faɗe ta. Su ne suka riƙe maganar suka yar da shekarar."

Mu ma a gidanmu akwai irin wannan magana. Mahaifinmu yakan ce ɗan gidan nan ba ya barin dawa a tsaye. Na san dalilinsa sarai: in ka yi jinkirin girbi, makiyaya za su sako shanu su ci kara a gonakin maƙwabta, taka ta shiga ciki, a yi ta rigima. Kasala yake yi wa faɗa. Bayan ya rasu muka ci gaba da faɗarta a kan komai, kuma ba wanda ke ja.

Na yi karatu, na zama malamin firamare a Birnin Gwari. Haruna ya zauna a gida yana noma gonarmu ta bakin daji, duk kaka ya aiko mini da rabona. Har shekarun nan suka zo da daji ya daina zama namu, masu bindiga suka mamaye shi.

Wata Laraba ya kira ni a waya. Ya ce dawa ta nuna, amma mutanen daji suna yawo ta wajen, maƙwabtanmu biyu sun haƙura da nasu. Yana ganin mu ma mu bar ta bana. Ina zaune a inuwa a harabar makaranta, hankalina yana kan rumbu da bakunan da ke gidana. Ban tambaye shi abin da ya gani da idonsa ba.

Na ce, "Haruna, ka manta abin da Baba ya ce?"

Ya ce, "To, Yaya."

Washegari ya ɗauki lauje ya tafi. Sai bayan kwana uku aka iya shiga aka ɗauko gawarsa.

Na ji tatsuniyar nan ya fi sau ashirin, ni ne ma na yi tambayar da ta fito da ma'anarta. Amma da ranar ta zo, sai na zama ɗaya daga cikin dattawan garin. Maganar babba tana da daɗin ara, don tana rufe bakin na ƙasa, kai kuma ba ka ɗauki nauyin komai ba. Baba bai san wannan dajin ba. Haruna ya san shi, ya kuma faɗa mini.

A zaman makoki mutane suka yi ta shigowa suna yabonsa. Ɗan halak, in ji su, har ya koma ga Allah bai saki maganar ubansa ba. Ina zaune a kan tabarma ina amsa musu da amin. Ba wanda ya san da wayar nan sai matarsa, wadda take kusa da shi lokacin da muke magana. Har yau ba ta ce mini komai ba, in na je gaishe ni take yi, ta kawo mini ruwa.