Safiyar da Na Danne Muryar Baffa

Ranar Talata da hantsi na je gona duba dawa. Ta wuce tsayina, ta fara fitar da kai. A hanyar dawowa na tarar da Baffa Sale a bakin rafi yana wanke ƙafafunsa. Ya ɗago ya ce, "Isiyaku, an kwana lafiya?" Na kau da kai na wuce. Ba ranar na fara ba. Na yi shekaru ban amsa gaisuwarsa ba, shi kuma bai daina yi mini ba.

Baffa Sale ƙanin mahaifina ne. Da mahaifina ya rasu, a gidan Baffa na tashi, tabarma ɗaya muke kwana da ɗansa Tanko. Baffa ne ladanin tsohon masallacinmu, na unguwar ƙasa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Mariga, ba nisa da Kumbashi. A da masallaci ɗaya muke da shi, a gangare kusa da rafi. Daga baya wasu samarinmu suka dawo daga karatu, suka ce abin da iyayenmu ke yi bidi'a ne. Aka gina sabon masallaci a kan tudu. Na bi su. A hankali gidaje ma suka rabu, aka samu unguwar tudu da unguwar ƙasa. Muka daina bin su salla. Muka daina cin yankansu. In sun yi rashi ba ma zuwa jana'iza. Muna ce musu 'yan farin ƙyalle, saboda ƙyallen da suke shimfiɗawa su kewaye shi da zikiri. Su kuma suna ce mana masu ɗangalallen wando.

Ni ke kula da na'urar masallacin tudu. Sola ce da batir, da lasifika biyu a kan dogon ƙarfe. Ɗaya tana kallon unguwarmu. Ɗayar ni na hau da kaina na juya bakinta ƙasa, tana kallon masallacin su Baffa. Kullum bayan asuba sukan saki zikirinsu a lasifika. Da na ji tasu ta yi ƙarar kunnawa sai in sa wa'azi in ƙure murya. Ba na sauraron abin da suke faɗa. Hannuna ya saba, yakan kai ga na'urar kafin kunnena ya tantance komai.

Da 'yan bindiga suka fara taɓa ƙauyukan da ke kewaye da mu, mai gari ya kira taro. Muka ƙi zama wuri ɗaya. Ya gana da mutanen ƙasa da safe, mu da yamma. Abu ɗaya aka tsayar a duka biyun: duk wanda ya fara ganin wani abu ya faɗa a lasifika. Ina wurin. Na ji da kunnena.

Ranar Laraba muka yi asuba, gari ya fara wayewa. An yi yayyafi, ƙasa da danshi. Limaminmu Malam Nura yana zaune da wasu dattawa a sahun gaba. Sauran mutane sun koma gida. Ina naɗe tabarma sai na ji lasifikar ƙasa ta yi ƙara. Lokacinsu bai yi ba. Na ce a raina yau da gangan suka fara da wuri. Na kunna wa'azi. Na murɗa har ƙarshe.

Na ci gaba da naɗe tabarma. Na gama, na ɗauki tsintsiya. Na share gaban masallaci duka. A ƙarƙashin muryar mai wa'azi ina jin wata murya tana hawa tana sauka, ban tsaya a kanta ba. Na ga kaji suna gudu daga gangare. Na ga wata akuya da igiya a wuya tana jan turkenta. Ban kawo komai a raina ba.

Tanko ne ya shigo a guje, ba hula ba takalmi. Tunda aka gina masallacin bai taɓa taka shi ba. Ya ture ni, ya fizge wayar batir.

"Kashe wannan abin! Kurame ne ku?"

Wa'azin ya yanke. Sai muryar Baffa ta cika gari. Ta riga ta dushe.

"Mutanen tudu, ku fita! Sun haye rafi! Kada ku bi titi, ku bi ta dawa! Mutanen tudu!"

Daga baya na ji yadda aka yi. Sun kashe baburansu tun daga nesa, suka turo su da hannu har mashigar rafi. Wani mutumin ƙasa da ya fita kewayawa ne ya hango su. Unguwar ƙasa ta watse tun kiran farko. Baffa ya ga tudu ba motsi, shi ya sa ya turo Tanko, shi kuma ya tsaya.

Baburan suka tashi gaba ɗaya. Ƙarar ta zo daga gabas, ta rabu biyu. Harbin farko daga wajen gidan mai gari ya fito. Malam Nura ya miƙe yana neman takalminsa. Ni na tsaya da tsintsiya a hannu.

Sai na ji sunana a sama.

"Isiyaku! Ka ɗauki Inna! Isiyaku, ta bayan gida!"

Na yar da tsintsiyar. Gidanmu na uku ne daga masallaci. Matata Rakiya tana tsakar gida da 'yarmu Ummi a hannu, tukunyar koko na kan wuta. Inna mahaifiyata tana ɗaki, ƙafafunta sun daɗe ba sa ɗaukarta. Na sunkuya zan ɗaga ta, na kasa. Tanko ya shigo bayana. Ya durƙusa ya ce, "Inna, hau." Ya goya ta. Na karɓi Ummi. Muka fasa dangar baya muka shiga dawa.

Ganyen a jiƙe yake, yana yankar fuska. Ba ma ganin komai sai kara. Muna jin mutane a dama da hagu suna kutsawa, ba wanda ke magana. A bayanmu harbi, da ihun mata, da kukan shanu da ake korawa. Wani yana ta cewa, "Kwanta! Kwanta!" da muryar da ba ta garinmu ba.

Baffa bai yi shiru ba. Daga ƙofar masallacin ƙasa ana hango tudu duka. Yana faɗa mana inda suke.

"Sun zagayo ta rijiya! Ku yi yamma! Masu yara, ku yi yamma!"

Muka yi yamma. Tanko yana gaba, Inna na bayansa tana salati ƙasa-ƙasa. Duk lokacin da muryar ta ɗauke sai ya tsaya cak. In ta dawo ya ci gaba. Ni ma haka. Muddin muna jin ta, yana da rai.

Mun kusa fita daga gonar Alhaji Mamman lokacin da muka ji babur a cikin lasifikar. Ya tsaya. Aka bugi ƙofar kwano. Baffa ya ce, "Ku yi ta tafiya, kada ku tsaya." Wata murya ta ce, "Kai ne mai surutun?" Baffa ya fara kalmar shahada. Harbin ya fito ta lasifika, ya fi duk sauran ƙara. Tsuntsaye suka tashi daga cikin dawa.

Ba su kashe na'urar ba. Ta ci gaba da shuu. Muna jin takunsu a kan tabarma, muna jin wani yana tari. Sannan babur ya tashi.

Tanko ya tsaya. Bai juyo ba. Inna ta ce, "Sauke ni, ɗan nan." Ya gyara mata zama a bayansa ya ci gaba da tafiya.

Rana ta ɗaga lokacin da muka kai wata ƙorama mai zurfi. Mun tarar da mutane a ciki, kwance a jikin gaɓa. Yawancinsu mutanen ƙasa ne. Suka matsa mana. Wata tsohuwa da na daina gaisarwa ta miƙo hannu ta karɓi Ummi, ta rufe mata baki da gefen zaninta don kada ta yi kuka. Hayaƙi ya tashi daga wajen gari, baƙi, wuri uku. Ɗaya daga rumbunan tudu ne. Ban ji komai a raina ba. Ina ta kallon wata tururuwa tana hawa ƙafata tana sauka.

Harbi ya ragu wajen tsakar rana. Da azahar ta yi wani ya ce a yi salla. Muka yi alwala da ruwan ƙoramar, jajir da laka. Limamin ƙasa, Malam Garba, shi ya wuce gaba. Ya yi kabbara a hankali. Na tsaya a sahu. Na ɗora hannuwana a ƙirji yadda na saba, na gefena ya saki nasa. Ba wanda ya dubi wani. Sai da muka sallame na tuna cewa na taɓa rantsuwa ba zan bi mutumin nan salla ba har in mutu.

Bayan la'asar muka fita. Ba mu koma gari ba. Muka bi daji muka yi kudu. Muka wuce wata ruga, ba kowa a cikinta, ƙwarya a kife, wuta ba ta gama mutuwa ba. Su ma sun gudu. Ni da Tanko muna karɓa-karɓa da Inna. In zan karɓe ta sai ya durƙusa kawai. Rakiya ta taka ƙaya ta cire da kanta, ba ta faɗa ba sai da na ga jini.

Muka kwana a gindin wata ɗorawa. Da safe muka fito titi. Wata motar gawayi ta tsaya. Direban ya dube mu, bai tambayi komai ba, ya ce, "Mata da tsofaffi su fara hawa." Muka zauna a kan buhuna. Muka shiga Kontagora baƙi ƙirin.

Wani ɗan kasuwa ya buɗe mana kangonsa a bayan kasuwa, ginin da ba a sa wa ƙofa ba. Mata suka ɗauki ɗakuna biyu, maza muka zauna a waje. Maƙwabta suka kawo tuwo a manyan robobi. Ban tambayi wanda ya yanka naman da ke cikin miyar ba. Na ci loma biyu na bari. Mutane suna ta isowa ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya shigo sai a tashi a tambaye shi wa ya gani. Ba wanda ya tambayi labarin Baffa. Kowa ya ji.

Ba wanda ya yi mini maganar na'ura. Sun sani. Duk wanda ke tudu ya ji wa'azin da safen nan, kuma an san hannun da ke kunna shi. Matar Malam Nura ta wuce ta gabana da buta, ta dube ni, ta wuce. Rakiya ce kawai ta ce, tana ɗaure ƙafarta da tsumma, "Na ji kamar muryar Baffa tun ina hura wuta. Na ɗauka zikiri ne."

Ranar Juma'a jami'an tsaro da 'yan banga suka raka mu, maza kaɗai, mu je mu binne mutanenmu. Garin ba motsi sai ƙudaje. Tukunyar kokon Rakiya tana nan kan murhu, ta bushe. Malam Nura muka samu a bakin masallacin tudu, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Dattawa biyu suna ciki. Sauran a kan titi suke, inda aka ce kada a bi.

Ni da Tanko muka gangara ƙasa. Ban taka masallacin ba tun ina saurayi. Ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Baffa yana kwance a gefen ƙofa, a kan hannunsa na dama. Batirinsu ya mutu. Tanko ya cire rigarsa ya rufe masa fuska.

Na ce, "Tanko, da ban kunna ba..."

Ya ce, "Riƙe ƙafafun."

Na riƙe. Ba shi da nauyi. Muka hau da shi tudu, don can ne ƙasa ta fi tauri, ruwa ba ya kwanciya. Maƙabartarmu ce, ta 'yan tudu, wadda muka ware da kanmu. Rami ɗaya muka haƙa, dogo, don 'yan banga sun ce kada mu wuce azahar. Likkafani bai isa ba. Wani ya koma masallacin ƙasa ya ɗauko farin ƙyallensu, aka yaga shi uku. Malam Nura ya samu kashi ɗaya. Malam Garba ya yi musu salla gaba ɗaya. Muka jera su yadda suka zo hannu, muka tura ƙasa.

Har yanzu muna Kontagora. Ina dako a kasuwa. Dawar ba mu girbe ta ba. Inna ta rasu a kangon kafin ruwa ya ɗauke. Tanko ne ya shiga kabarinta tare da ni.

A tudu mun rasa mutum tara. Malam Nura, da Alhaji Mamman, da ƙaninsa Bawa. Sani mai shayi da ɗansa. Lami matar Audu, da goyonta. Tsoho Ɗanladi. Haruna, wanda ya koma ya kwance shanunsa. An tafi da mata huɗu, biyu sun dawo.

A unguwar ƙasa mutum ɗaya suka rasa.