Isiyaku Mai Kwalta, Wanda Aka Rubuta Wa Gudu

An haifi Malam Isiyaku a shekarar 1965 a garin Tsafe, mahaifinsa Malam Inuwa baduku, mahaifiyarsa Biba, kuma shi ne na huɗu a ɗakinsu, yana bin yayarsa Hansai. An tsara tarihin nan ne domin akwai wata takarda a Riyad da ta ce bawan Allah nan ya gudu daga aikinsa. Ƙarya ce.

Karatu da Sana'a

Ya sauke Alƙur'ani a 1979 a hannun kawunsa. Boko kuwa aji uku ya yi ya bari, amma haruffan Larabci ko a juye aka nuna masa zai karanta. A 1984 ya shiga aikin titi, ya fara da shebur, ya kai ga tsayawa a bayan motar shimfiɗa kwalta, har ya zamana da wari kaɗai yakan gane kwaltar da ta ƙone.

Aure da Zuwa Riyad

A 1990 ya auri Rabi'atu, Allah ya albarkace su da zuri'a. A 2006 ya zo Riyad da sahihiyar ikama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa, mai wani kamfanin gina hanyoyi. Hansai ta riga shi zuwa, tana zaune a unguwar Nasim tun rasuwar mijinta. Shekara goma ya yi bai yi fashin yini ɗaya ba, sai hutun da aka ba shi.

Aikin Leda

A 2016 kamfanin ya fara gwajin niƙa tsofaffin leda da gorunan roba, a zuba su kan tsakuwa mai zafi su narke, sannan a haɗa da kwalta a shimfiɗa. Aka sa Isiyaku a wurin tsinta, inda shara ke wucewa kafin ta faɗa injin niƙa. A nan ya lura cewa wasu ledodin burodi da na shaguna suna ɗauke da Bisimilla, wasu da sunan Allah a cikin sunan mai shagon, ga kuma jarkunan zamzam. Ya ƙudura cewa muddin yana tsaye a wurin, sunan Allah ba zai kwanta a ƙarƙashin tayar mota ba. Kowace leda sai ya juya ta ya duba, mai rubutu ya ware ta a buhu.

Aiki ya ragu, manajan wurin ya taso masa: "Yalla, ya Hajji! Liman muka ɗauka ko lebura?"

Ya ce, "Mudir, kai ma ka iya karatu. Karanta wannan, sai ka ce in jefa."

Mudir bai karanta ba. A watan Yuli na shekarar aka ɗauke shi daga tsinta aka kai shi bakin tukunyar narka leda, inda hayaƙin roba ke tashi, ba a ba shi takunkumi ba, sai rawaninsa yake naɗewa a hanci.

Jinya

Wata bakwai ya yi a bakin tukunyar. A Fabrairun 2017 tari ya kayar da shi a wurin aiki, abokan aikinsa suka kai shi gidan Hansai a tasi. Likita ya ce huhu ne. Kwana goma sha shida yana kwance, mutumin da ko buta ba ya iya ɗagawa, sai ga labari wai kafili ya kai sunansa hukuma a matsayin wanda ya yi hurub, wato ma'aikacin da ya tsere.

Hansai ta je ofishin kamfanin da ƙafarta, ta ce wa mai gadi, "Kira min kafilin. Ya zo ya ga mai gudun, yana kan tabarmata yana tofar da baƙar majina!" Ba a bar ta ta wuce ƙofa ba.

Da ta komo, abin da Isiyaku ya ce mata shi ne, "Yaya, ciwon ba ya damuna. Kada yaran nan su ji an ce ubansu ya gudu."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 11 ga Afrilu, 2017, da hantsi, yana da shekara hamsin da biyu. Saboda kalmar nan ta hurub, gawarsa ta yi kwana ashirin da uku a ɗakin sanyi na asibiti, Hansai na yawo daga taga zuwa taga a ofisoshin hukuma da takardun da ba ta iya karantawa. A ƙarshe aka ce ta dangwala yatsa a ba ta gawar, maganar gudu kuma a bar ta yadda take. Ta dangwala, domin ba ta iya barin ƙaninta ya ƙara kwana a ƙanƙara.

An yi masa salla bayan La'asar, aka binne shi a maƙabartar Nasim. Ya bar mata ɗaya, Rabi'atu, da 'ya'ya huɗu: Shakir, Zaituna, Kamil da Nuriyya. Ba a goge kalmar ba har yau, kuma kowace Lahadi Hansai na komawa ƙofar kamfanin ta zauna. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna makomarsa, ya kuma bi masa haƙƙinsa.