Falle Arba'in na Yaya Adawiyya

Yayata Adawiyya ba ta iya ganin rubutu ta wuce shi. Tun muna yara a ƙauyenmu da ke gefen Baure, in aka aike ta sayen ƙosai, sai dai a ci shi da sanyinsa, don sai ta raɓe a jikin katanga ta karanta takardar da aka ƙunso shi a ciki, gaba da baya, maiƙo da komai. Aji huɗu kawai ta yi a firamare, amma da shi ta kama boko ta riƙe. Ajami da Larabci kuwa a zauren mahaifinmu ta tsince su, tana zaune a bayan ƙofa tana tsinkar zogale.

Mahaifinmu Malam Dabo manomi ne da damina, malamin zaure da rani. Mu uku ya bari: Yaya Adawiyya, sai Mainasara, sai ni Saminu, auta. Ni da Mainasara mun yi karatun allo daidai na sallah, daga nan muka bi dabbobi. Har yau tumaki da awaki nake kaiwa kasuwar Mai'aduwa, shi kuma ya buɗe shagon hatsi a Kongolam. Malam bai taɓa yi mana gori ba. In ya gan mu mun dawo muna warin akuya, sai dai ya ce Allah ya yi albarka, ya mai da kansa kan rubutunsa.

Rubutun nan littafi ne guda da ya shekara talatin yana yi da hannunsa, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. A ciki akwai hukunce-hukuncen alwala da azumi da ya kwafo wajen malamansa, da addu'o'i, da waƙoƙin wa'azi na ajami waɗanda shi ya tsara. A gefen shafuka kuma yakan saƙala labarin gida da ƙananan baƙaƙe: shekarar da fara ta cinye gero, ranar da aka haƙa rijiyar gidanmu, ranar da mahaifiyarmu ta rasu. Ba a ɗinke yake ba. Falle-falle ne, irin na mutanen da, a tsakanin allunan fata biyu, a cikin gafaka. Da idon Malam ya yi rauni, Yaya ce ke hawo mota daga Daura duk ranar Juma'a ta karanta masa abin da ya rubuta, yana gyara mata.

A Daura aka yi mata aure, a wata unguwa kusa da Kusugu, gidan Malam Audi tela. Wata uku da tarewa ta kwashe jeren kwanukan da ke saman kabad ɗinta ta tura ƙarƙashin gado, ta jera littattafai a gurbinsu. Dangin miji sun yi ta magana, ita kuwa ko a jikinta. Tsarin kabad ɗin bai taɓa sauyawa ba: na addini a sama, ba a ɗora musu komai ko da tsinken sakace ne, na tarihi da na kiwon lafiya a tsakiya, na hikaya da take karɓowa haya a kasuwa a can ƙasa. Da aka ƙaddamar da shari'a aka shiga cewa littattafan hikaya na ɓata mata, wani maƙwabci ya je har shago ya yi wa Malam Audi nasiha. Da ya kawo mata maganar, cewa ta yi, "Malam, ka zauna in karanta maka ɗaya. In ka ji ɓarna, ni da kaina zan sa shi a murhu." Ya zauna. Washegari shi ya tambaye ta yadda aka ƙare da yarinyar nan da aka yi wa ƙazafi.

Malam Dabo ya rasu shekara guda bayan ƙaddamar da shari'ar. Lokacin kowa na ji da tsoron cin haƙƙi, ni kuma na fi kowa zaƙewa, har gemu na tara. Malamai suka zo suka raba gona da gida da dabbobi yadda ya kamata, suka yi addu'a suka tafi. Sai bayan sun tafi muka tuna da gafakar da ke rataye a ƙusa. Mainasara ya ce yana so, don albarka. Ni ma na ce ina so, don albarka. Yaya kuwa tana dai kallon gafakar.

Ni ne na kawo shawarar, kuma har in mutu ba zan daina jin kunyarta ba. Na ce tunda littafin falle-falle ne, ai Allah ya kawo sauƙi, a raba shi yadda aka raba gona: namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Na zauna na ƙirga, ɗari biyu cif. Mainasara ya ɗauki tamanin na farko, na ɗauki tamanin na ƙarshe, muka miƙa wa Yaya arba'in na tsakiya. Na tashi ina jin kaina kamar wani alƙali.

"Saminu," in ji ta, "nawa ya fara a tsakiyar magana, ya ƙare a tsakiyar waƙa."

"Haƙƙi ne, Yaya. Ba na so wani ya ci na wani."

Ta dube ni. Sannan ta naɗe nata a gyale, ta ce a bar mata gafakar, tunda ita ba ta rabuwa. Da mun tambayi ko da ladanin unguwa ne, da ya gaya mana ba haka ake yi da littafi ba. Ba mu tambaya ba.

Shekara bakwai ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da rayuwarta cikin daɗin rai, don ita ba mai riƙo ba ce. Kullum bayan la'asar matan unguwa kan taru a tsakar gidanta, wata na ɗinkin hula, wata na ɓarar gyaɗa, ita tana karanta musu. Takan fara da falle ɗaya daga arba'in ɗin Malam, sannan ta sauko kan hikaya. Matan sun haddace waƙar nan da ta yanke a tsakiya, har in an zo wurin sai su yi dariya su ce, "Sauran na wajen Saminu." Ni ne ban sani ba, ashe na yi suna a unguwar Kusugu.

Wata ranar Juma'a na biya gaishe ta, na same ta ta kai takarda har kan hancinta. Ta ajiye, ta ce in zauna.

"Auta, na je asibiti. Sun ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke tafiya. Wataƙila shekara, wataƙila ba ta kai ba." Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin gero. "Ba don ka yi kuka na gaya maka ba. Ina so in karanta littafin Malam daga farko har ƙarshe, sau ɗaya, da idona. Aro nake nema. In na gama, kowa ya ɗauki haƙƙinsa."

Kalmar haƙƙin nan ta soke ni. Ban kwana biyu ba na hau mota zuwa Kongolam.

Mainasara bai yi musu ba, sai dai ya nuna mini saman ƙofar shagonsa. Ashe tun shekarar rabon ya kai nasa wajen baduku aka ɗinke su ruf a cikin jar fata, ya rataye don kasuwa ta yi albarka. Sai da muka nemo badukun ya farke ɗinkin da hannunsa. Takardun na nan lafiya, amma wajen shigar da su an hautsina su, na farko ya koma tsakiya, na tsakiya ya koma ko'ina. Na yi wa Mainasara tsiya son raina a hanya. Na ce ko buhun dawa ba a yi wa haka.

Da na koma gida na jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gadona, inda nawa suke tun ranar da na kawo su. Ina ɗaga murfin ƙasa ta zubo. Gara ta huda gindin akwatin ta hau. Na sama ba abin da ya same su, amma falle biyar na can ƙasa, ƙarshen littafin ke nan, sun zama gari. Na zauna a ƙasa dirshan. Na yi tunanin in ce ɓera ne, na yi tunanin in ce tun asali saba'in da biyar ne. Daga baya na ga duk ƙaryar da zan yi, wadda zan yi wa ta fi ni sanin littafin.

Na kai mata, na faɗi gaskiya, kaina a ƙasa. Ta sa hannu ta shafa garin takardar da na ƙunso a leda. Ni kuwa na fara addu'ar ƙasa ta tsage.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Ko ba komai an samu mai buɗe shi a gidanka. Garar ta fi ka son karatu."

Malam Audi da ke bakin ƙofa ya yi dariya har da tari. Ni dai ban iya ba.

Kwana uku ta yi a kan tabarma tana jera na Mainasara. Littafin ba shi da lambar shafi. Yadda Malam ya koya wajen malamansa, a ƙasan kowane falle yakan rubuta kalmar da za ta buɗe na gaba. Haka ta riƙa bi, ta ɗaga wannan zuwa haske, ta lalubo ɗan'uwansa, ta kife a kai. Da ta zo inda arba'in ɗinta suka ƙare ta ɗora na farkon nawa, waƙar nan ta haɗu. Ranar matan unguwa suka ji ƙarshenta, wata tsohuwa har da guɗa.

Falle biyar ɗin kuwa, ta aika aka sayo mata farar takarda mai kauri, ta feƙe kara, ta dafa tawada yadda Malam ke yi. Da ka ta rubuta su, don ta karanta masa su ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Baƙaƙenta manya-manya ne, suna karkata, saboda idon. Biyar ɗin Malam sai da suka ci mata tara. Ta gama, ta karance littafin tun daga bismilla har ƙarshe cikin watan azumi, ta mai da shi gafaka, ta kira mu ta ce ga aronmu.

Mainasara ya ce shi ya bar mata nasa duniya da lahira. Na ce ni ma haka.

"Na Mainasara na karɓa," in ji ta. "Naka kuwa ban karɓa kyauta ba. Ido na tafiya. Duk Juma'a in an sauko masallaci, ka zo ka karanta mini."

"Yaya, ajamina ya yi tsatsa."

"Na sani. Ai ina ji."

Haka aka yi. Kafin damina ta zagayo ba ta bambance baƙi da fari a takarda. Ba ta yi ƙunci ba. Kabad ɗinta na nan yadda yake, tana gane kowane littafi da taɓi, 'ya'yanta mata na karanta mata na tsakiya da na ƙasa. Na Malam kuwa nawa ne. Nakan zo da ƙurar kasuwa a ƙafa, in yi alwala, in sauko da gafaka, in yi ta tuntuɓe a kan baƙaƙe tana gyara mini daga inda take zaune, ba sassauci. A gefen wani shafi na ci karo da shekarar fara, a wani na ga ranar da aka haƙa rijiya. Ban san ina son karatu ba sai da na wuce arba'in da haihuwa.

Sai da muka shekara da wata biyu muka kai ga manyan baƙaƙenta. A falle na ƙarshe akwai addu'ar rufewa. Malam ya roƙa wa iyayensa da malamansa gafara, sannan ya ce Allah ya shiryi Adawiyya da Mainasara, ya kuma buɗe wa Saminu ƙirjinsa ya so karatu ko da bayan ransa ne.

Na tsaya. Na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, haka Malam ya rubuta, ko ke kika ƙara?"

"Ni in ƙara wa Malam magana? Haka ya rubuta. Shekara bakwai tana ƙarƙashin gadonka."

Kewar mahaifina ta taso mini irin wadda ban ji ba ko ranar da muka binne shi, ga kuma wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba. Ta ji numfashina ya sauya. Ta miƙo hannu ta laluba, ta ture takardar daga ƙarƙashin fuskata.

"Ja baya, auta, tawadar nan ba ta son ruwa," in ji ta. "Share idonka ka ƙarasa. Juma'a mai zuwa mu koma farko."